Yaya ake mayar da sunayenmu zuwa harsunan Quenya da Sindarin?

Babban Yaya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambaya wadda wasu za su iya ɗauka ta wasa ce, amma ta ɗauke ni makonni ina juya ta a raina. Ƙanwata ta gama karanta littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien a hutun da ya wuce, kuma tun daga lokacin harsunan aljanun da ke cikin labarin suka shiga ranta, har ta roƙe ni in samo mata yadda sunayensu su huɗu, ita da sauran ƙannena, za su kasance a harshen, domin tana so a rubuta su a allo a rataye a falon gida. Sunayen su ne Amina, Nuru, Bala da Jummai. Na gwada shafuka uku na intanet masu cewa suna fassara suna nan take, kowanne ya ba ni amsa dabam, ɗaya daga cikinsu ma na shigar masa da suna guda sau biyu ya fito mini da sakamako biyu. Shin akwai ingantacciyar hanya ta yin wannan aiki, ko kuwa duk shaci-faɗi ne? In kuma akwai, ma'anar suna ake fassarawa ko sautinsa ake gyarawa ya dace da harshen?

Malama Mai Nahawu ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana da amsa, sai dai amsar ba guda ba ce, kuma kafin a kai gare ta sai an raba wasu abubuwa da shafukan nan suka cakuɗa maka.

Harsunan da Tolkien ya fi ginawa guda biyu ne. Akwai Quenya, wanda ake furtawa Kwenya, wanda ya fara aiki a kansa tun wajen 1915, ya kuma ɗauko salon sautinsa daga harshen mutanen Finland tare da tasirin Latin da Girkanci. Akwai kuma Sindarin, wanda ya gina bisa tsarin harshen mutanen Wales. A cikin labarin, Quenya yana matsayin harshen ilimi da bukukuwa da sunayen sarauta, Sindarin kuwa shi ne na hirar yau da kullum. Tolkien malamin tarihin harsuna ne a Jami'ar Oxford, kuma har ya rasu a 1973 bai taɓa kammala ko ɗaya daga cikinsu ba, domin yakan sauya ra'ayi a kan kalma ɗaya sau da yawa cikin shekaru. Abin da ake da shi yau an tattaro shi ne daga littattafansa, da jerin saiwoyin kalmomi da ya rubuta a shekarun 1930 wanda ɗansa Christopher ya buga a 1987, da takardun da mujallu biyu, Vinyar Tengwar da Parma Eldalamberon, suke fitarwa kaɗan-kaɗan. Duk abin da ya wuce wannan, masu sha'awa ne suka ƙirƙira don cike giɓi, shi ya sa masu gaskiya a cikinsu suke sa wa irin waɗannan kalmomi alama domin mai karatu ya san ba daga alƙalamin Tolkien suka fito ba.

Game da ma'ana ko sauti, shi kansa ya bi hanyoyin biyu. A wata wasiƙa da ya rubuta da Sindarin a madadin Sarki Aragorn zuwa ga Samwise, ɗaya daga cikin jaruman labarin, wadda aka cire daga ƙarshen littafin aka buga ta daga baya a 1992, ya fassara sunayen iyalin gidan bisa ma'ana. Samwise a tsohon Ingilishi yana nufin mai rabin wayo, sai ya zama Perhael, daga per, wato rabi, da sael, wato mai hikima. Ka lura cewa s ta koma h da aka haɗa kalmomin biyu. Wannan sauyin baƙin farko shi ne babban tarkon Sindarin, kuma shi ne abin da na'urorin fassara suka fi kuskurewa, domin su liƙa kalma da kalma kawai suke yi. A wasiƙar dai, Rose ta zama Meril, Daisy ta zama Eirien, Frodo ya zama Iorhael. Amma da ya zo fassara addu'o'in cocin Katolika zuwa Quenya, waɗanda aka buga a 2002, bai taɓa ma'anar sunan Maryam ko na Annabi Isa ba, sai ya rubuta María da Yésus, wato ya bar su yadda suke ya daidaita furucinsu kawai. Mu ma haka muka yi da sunayen da muka karɓa daga Larabci: ba wanda ya zauna ya fassara Khadija, Hadiza muka mayar da shi domin ya zauna a bakinmu.

To bari in bi sunayen naku.

Amina ita ce mafi sauƙi, kuma ta kowace hanya tana da mafita. Ta hanyar sauti babu abin da za a taɓa, domin Quenya yana da wasula biyar irin namu, yana bambanta dogo da gajere kamar yadda muke yi, saboda haka Amína za a rubuta, da alamar tsawo a kan i. Ta hanyar ma'ana kuwa, sunan yana nufin amintacciya, kuma akwai sifar voronda, mai riƙon alkawari wanda ba ya juyawa, wadda aka yi wa wani sarki a labarin, Elendil, laƙabi da ita. A Quenya sifa mai ƙarewa da a takan zama sunan mace idan aka mayar da wasalin ƙarshe ë, kamar yadda ancalima, mafi haske, ta ba da sunan sarauniya Ancalimë. Bisa wannan ƙiyasi za a sami Vorondë. Wannan haɗin nawa ne, ka sani. In kana son abin da Tolkien ya rubuta da hannunsa, akwai Voronwë, wanda maza ne suka ɗauke shi a labarin, ko da yake ɗafa-ƙeyar wë ta fito a sunan mace ma, wato Elenwë.

Nuru kuwa ina roƙonka kada ka bi sauti da shi. Kalmar nuru tana nan a Quenya, kuma ma'anarta mutuwa. Ko da gida kuna kiransa Nura ne, núra ma tana nan da ma'anar mai zurfi, wadda ba ta da muni amma ba ita ake nufi ba. Haske shi ne cala ko cálë, ana furta c kamar k a ko'ina. Sunan da ya fi kusa shi ne Calion, ɗan haske, sai dai mai wannan suna a labarin shi ne sarkin Númenor na ƙarshe, wanda girman kansa ya jawo teku ta haɗiye ƙasarsa, don haka wanda ya san labarin zai yi murmushi in ya gan shi a bango. Ni da zan zaɓa, Calimo zan ce, daga calima, mai haske, da wasalin o na namiji kamar yadda melda, abin ƙauna, ta ba da meldo.

Bala da Jummai sun fi wuya, domin sunayen rana ne, kuma lokacin sallah ya yi. Zan dawo kansu in wani bai riga ni ba.

Bazazzagi ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Kafin in ɗora a inda ta tsaya, ina da gyara ga Malam mai tambaya a kan kalmar aljanu. Mutanen nan na labarin Tolkien suna da jiki irin na bil'adama, ana ganinsu, suna aure suna haihuwa, ana kashe su a fagen yaƙi, abin da ya raba su da mutane shi ne tsufa da cuta ba sa kashe su. Wanda ya ji an ce aljani a Hausa, wani abu dabam ne yake zuwa masa a rai. Su da kansu suna kiran jinsinsu Quendi, wato masu magana, waɗanda suka amsa kiran tafiya yamma kuma ana ce musu Eldar, mutanen taurari, tilonsa Elda. Ni Eldawa nake cewa, kamar yadda muke cewa Kanawa da Gobirawa, kuma ban ga abin da ya hana ba.

Yanzu ga Bala. Quenya ba ya fara kalma da b, ko d, ko g. Waɗannan baƙaƙe suna zuwa ne a tsakiyar kalma kawai, manne da wani baƙi, kamar mb da nd da ld. Inda tsohon harshen Eldawa yake da b a farko, Quenya ya mayar da ita v. In ka bi wannan ƙa'ida da Bala za ka sami Vala, wanda shi ne tilon Valar, manyan halittun nan masu iko da suka tsara duniya a labarin. Ɗan'uwanka zai tashi da muƙamin da bai nema ba. Sindarin yana yarda da b a farko, don haka a can Bala zai iya zama yadda yake, ko da yake mafi yawan sunayen Sindarin da baƙi suke ƙarewa, sai ya yi kama da baƙon suna, wanda kuma gaskiyarsa ke nan.

In ma'ana za a bi, Bala ɗan Laraba ne, Jummai 'yar Juma'a. A ratayen da ke ƙarshen littafin, inda aka yi bayanin kalanda, Tolkien ya ce makon Eldawa kwana shida ne: Elenya ta taurari, Anarya ta rana, Isilya ta wata, Aldúya ta itatuwa biyu, Menelya ta sammai, da Valanya ta Valar. Mutanen Númenor ne suka ƙara Eärenya, ranar teku, bayan Menelya, ya zama bakwai, suka kuma sauya Aldúya zuwa Aldëa. Da ya daidaita su da ranakun da muka sani, ya fara daga Asabar ya ƙare a Juma'a, har ya ce Juma'ar ce babbar rana, wadda ake hutu bayan tsakar rana a yi liyafa da yamma. Na yi mamaki ranar da na fara karanta wannan. Bisa wannan lissafi Laraba ita ce Menelya, sai a iya cewa Menelyon ga Bala, da ɗafa-ƙeyar ion mai nufin ɗa, irin wadda ke cikin Anárion.

Amma ga inda nake da ja. Ranakunmu daga Larabci muka aro su, kuma lissafi ne: Lahadi ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar, Juma'a kuwa daga taruwa take. Babu rana ko wata ko sama a cikinsu. Wanda ya ɗauki Ladi ya kai ta Anarya ya ga abin ya yi daidai, ta Ingilishi ya bi, domin a can ne Lahadi take ranar rana. Shafukan da Malam ya gwada duk haka suke, an gina su ne a kan jerin sunayen Turawa da ma'anoninsu, in ka ba su sunan da ba su sani ba sai su haɗa maka gaɓoɓi masu daɗin ji. Ga Jummai matsalar ta wuce ta nahawu, domin Valanya rana ce da aka keɓe wa Valar, ni kuwa ba zan so a ɗauki sunan da ke tuna ranar sallar Juma'a a jingina shi ga wasu halittun ƙage ba, ko da a wasa ne. Irin wannan dalili ne ya sa ba na goyon bayan masu mayar da Abdullahi Erundur, duk da cewa ginin kalmar daidai yake, tunda ndur bawa ne ko mai hidima kamar a Isildur, Eru kuma shi ne Mahalicci a labarin. Shawarata a bar Jummai a kan sauti. Quenya ba shi da j, mafi kusa ita ce y, yana da mm, yana da tagwan wasali ai, saboda haka Yummai ta zauna lafiya ba tare da an taɓa komai ba.

Malama Mai Nahawu ta sake amsawa:

Na gode, Malam Bazazzagi, ka ɗauke mini rabin aiki, kuma na yarda da kai a kan Yummai. A kan Bala ne nake ganin akwai wata ƙofa da maganarka ta buɗe ba ka shiga ba. Tunda Laraba ta huɗu ce, huɗu a Quenya canta ne, na huɗu kuma cantëa, ana iya gina suna daga nan a ce Cantëo ko Canto, kuma sanya suna da lissafi ba baƙon abu ba ne a wurin Eldawa. A labarin farkawarsu, ukun farko sunayensu Imin, Tata da Enel, wato ɗaya, biyu, uku. Abin da ya fi wannan kama da namu shi ne gidan Fëanor, wani babban Ba'elde a labarin. Mahaifinsa Finwë ne, shi kansa sunan da uba ya sa masa Curufinwë, da ya haifi ɗansa na fari sai ya kira shi Nelyafinwë, Finwë na uku, ana taƙaita shi Nelyo. Wannan ai shi ne Muhammadu Sani da Muhammadu Salisu da Muhammadu Rabi'u, inda sunan asali yake maimaituwa lissafin kuma ya zama shi ake kira. A cikin tagwayensa na ƙarshe akwai Pityafinwë, Finwë ƙarami, da Telufinwë, Finwë na ƙarshe, wanda mu Auta za mu ce. Duk wannan bayani na gidan Fëanor yana cikin wani rubutu da aka buga a 1996.

Akwai kuma abin da ya kamata ƙanwar Malam ta sani, domin zai iya sauya abin da take nema gaba ɗaya. Ba suna ɗaya Ba'elde yake da shi ba. Akwai wanda uba yake sawa a bainar jama'a bayan haihuwa, akwai wanda uwa take bayarwa bisa abin da ta hango a halin yaron, wato amilessë, akwai kuma epessë, laƙabin da mutane suke liƙa wa mutum daga baya har ya danne na asali. Galadriel ubanta Artanis ya sa mata, mace mai daraja, uwarta ta kira ta Nerwen saboda tsayinta da ƙarfinta irin na maza, sunan da duniya ta san ta da shi kuwa mijinta Celeborn ne ya ba ta. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, tunda shi ma yana da sunan yanka, da sunan rana, da wanda kaka take kira saboda alkunya, da laƙabin abokai. Bala da Jummai tun asali ba sunayen yanka ba ne. Saboda haka babu laifi a bar sunayen yanka yadda suke, a zaɓa wa kowa epessë bisa halinsa: mai fara'a a gina masa daga alassë, farin ciki, mai kyakkyawan zato daga estel, wanda shi ne sunan Aragorn na yarinta. A ganina wannan ya fi kusa da al'adar da ke cikin littafin fiye da fassarar kalma da kalma.

Uwar Tagwaye ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni a kan rubutun allon zan yi magana, domin na taɓa yin kuskuren da nake jin tsoron Malam zai yi. Harshe dabam, haruffa dabam. Haruffan nan masu lanƙwasa da ake gani a jikin zoben da labarin ya ginu a kansa sunansu Tengwar, kuma ana iya rubuta kowane harshe da su, har Hausa, kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami ba tare da ta zama Larabci ba. Manyan baƙaƙensu 24 ne, ana rubutu daga hagu zuwa dama, wasula kuma alamomi ne da ake ɗorawa a saman baƙi, kusan yadda muke sa fataha da rufu'a. A tsarin Quenya wasali yana hawa kan baƙin da ya gabace shi, a tsarin da aka fi rubuta Sindarin da Ingilishi da shi kuwa yana hawa kan wanda ya biyo shi. In aka rubuta Amina da tsari ɗaya aka karanta da ɗayan, wani abu dabam zai fito. Tsarin Quenya ya fi dacewa da sunayenmu, tunda kusan duk da wasali suke ƙarewa.

Kuskuren da na yi shi ne na sauke haruffan a kwamfuta na buga sunan 'yata kai tsaye, na kai wa mai zane ya zana a jikin ƙyalle. Daga baya na gane cewa a yawancin tsofaffin haruffan nan, maɓallin da ke ɗauke da a ba shi ne yake fitar da a ba, an jera su ne bisa jadawalin Tengwar, don haka abin da na biya kuɗi aka zana ba ya karantuwa da kowane harshe. A yi amfani da shafi irin Tecendil wanda yake juya rubutu bisa ƙa'ida, a zaɓi tsarin Quenya da hannu, sannan a gwada sakamakon da jadawalin da ke ƙarshen littafin kafin a kai wa mai zane. Kalmomin da Malama ta kawo kuma ana iya duba su a shafin Eldamo, inda kowace kalma take ɗauke da bayanin inda ta fito da zamanin da Tolkien ya rubuta ta.

Babban Yaya ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa 'yan gidan amsoshin nan jiya da dare. Amina ta zaɓi Vorondë, Jummai ta amince da Yummai, Nuru ya ce a ba shi Calimo kuma kada wanda ya ƙara tuna masa da ɗaya ma'anar. Bala ne ya ƙi Canto ya ƙi Menelyon, ya ce shi Vala ya ji kuma ya karɓa, har yanzu muna kan lallashinsa. Malama, saura tambaya ɗaya: mahaifiyarmu ta ce in ana rubutawa a sa nata, sunanta na gida Kande, domin ita ce mace ta farko bayan maza uku. Na ga nd yana cikin haɗin da Malam Bazazzagi ya ce Quenya yana yarda da shi, shin Candë za a rubuta ke nan, ko akwai wata kalma mai irin wannan sauti da ya kamata in duba tukuna?